Kawu ya ce kuɗin kwastan zalunci ne, in rako kaya ta ɓarauniyar hanya

Assalamu alaikum, Baba. Ni saurayi ne a Aboabo, nan Kumasi. Tun da mahaifina ya rasu kawuna ne ya riƙe ni, ya sa ni makaranta, da na gama sakandare ya zaunar da ni a shagonsa na atamfa da leshi da shadda a Kejetiya. Yawancin kayanmu daga Lome suke zuwa, kuma na daɗe da sanin ba duka ke bi ta ƙofar Aflao, bodar Gana da Togo, ba. Mutumin da ya saba rako kayan ya ajiye aiki, shi ne Kawu ya ce ni zan maye gurbinsa, tunda ina neman aure, ladan 'yan tafiye-tafiye kaɗan zai haɗa mini lefe. Da ya ga ina ɗari-ɗari sai ya ce kuɗin kwastan maksu ne, wato harajin zalunci da ake karɓa daga fatake, hadisi ya yi tir da mai karɓarsa, boda Turawa suka zana ta, kuma ba sata muke yi ba, kayanmu ne da kuɗinmu muka saya. Baba, Kawu ba ya rasa sahun farko, yana fid da zakka, da azumi tukunyar gidansa ta unguwa ce. Mahaifiyata ta ce kada in kunyata ta wajen yayanta. Akwai kuma wani abokinsa da yakan haɗa mana kwalaye a naɗe cikin lodinmu, ba a buɗewa, yana biyan kuɗin mota mai tsoka. Shin wannan aiki haramun ne? In haramun ne, abincin da na ci a gidansa shekara da shekaru fa?

Ɗanka, daga Aboabo.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka wa kawunka da alheri a kan riƙon da ya yi maka.

Ka sako maganar kwalayen nan a gindin wasiƙa kamar ƙaramin abu. Ni da ita zan fara, don ita ba ta jiran sai malamai sun gama muhawara. Atamfa ba ta buƙatar a ɓoye ta ga wanda ya ɗauko ta. Kwalin da aka naɗe da salatif ta ko'ina, aka ce kada a buɗe, mai shi kuma bai yi ciniki a kan kuɗin mota ba, ruwa ba ya tsami banza. Ban ce lallai ƙwaya ce ba. Amma kai ɗan Aboabo ne, ba sai na ba ka labarin abin da tiramol da wadda suke kira Red suka yi wa samarin unguwanninmu ba, kana ganinsu a bakin kwata suna gyangyaɗi a tsaye. Hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, tiramol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kawai ta amince a shigo da ita don asibiti, wadda ake kamawa kuwa mai 120 ce da 225 da 250, kuma hanyar da yadi ke bi ƙwayar ma takan bi. Ranar da aka tsayar da mota a shingen kwastan na Dabala aka sa wuƙa aka farke kwali, ba abokin kawunka za a tambaya ba. Wanda ke zaune kusa da lodi za a tambaya. Shari'ar ƙwaya kuma ba irin ta atamfa ba ce da za a biya tara a koma gida. Ko da za ka ƙi duk abin da zan faɗa nan gaba, wannan kada ka ƙi: kayan da ba ka ga cikinsa da idonka ba, kada ka zauna a kansa, ko ta ƙofa za a bi.

To, mu zo ga hujjar kawunka. Ba daga iska ya ɗauko ta ba, kuma kada ka raina ta. A cikin Sahihu Muslim, a ƙissar matar nan Bagamidiya da ta kawo kanta a tsayar mata da haddi, Manzon Allah (SAW) ya ce ta yi tuban da ko mai karɓar maksu ne ya yi irinsa da an gafarta masa. Wannan ya isa ya nuna maka girman laifin. Malamai da dama sun lissafa shi cikin manyan zunubai. Mu nan ma muna da namu gadon: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya ambaci jangali da kuɗin gari cikin zaluncin da sarakunan ƙasar Hausa ke yi wa talakawa. Wanda ya tashi yana jin irin wannan karatu a zaure, in ya ga mai kaki ya tare hanya ya ce a biya, ba abin mamaki ba ne zuciyarsa ta ce masa ga azzalumi nan.

Sai dai karatun bai ƙare a nan ba. A cikin Muwaɗɗa, wadda ake karantawa a masallatanmu na Zango, Imamu Malik ya ruwaito cewa Sayyidina Umar yakan karɓi rabin ushuri daga fataken Nabaɗawa a kan alkama da mai, don a yawaita kawo su Madina, ya karɓi cikakken ushuri a kan wake da danginsa. Ka ga shugaba adali ya sa kuɗin fito, ya sassauta a kan abin da gari ke buƙata, ya ƙara a kan wani. Daga baya malamai irin su Imamu Gazali da Shaɗibi, wanda Bamalike ne ɗan'uwanmu a mazhaba, suka ce in baitulmali ya gaza, buƙatar jama'a kuma ta tabbata, shugaba na iya ɗora wa masu hali wani abu, da sharaɗin adalci da kashe shi inda ya dace. Ko gwamnatin Gana ta cika waɗannan sharuɗɗa? Ni da kai duk muna jin rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa kowace shekara, mun san ana ci. Mun kuma san ba duka ake cinyewa ba. Cikin abin da ake karɓa a boda akwai kashi 2.5 na inshorar lafiya da kashi 2.5 na GETFund, asusun tallafa wa ilimi. Katin da mahaifiyarka ke miƙawa a asibitin Komfo Anokye daga nan yake shan ruwa, haka ajujuwan da ka gani an rubuta GETFund a bangonsu. Saboda haka wannan gaɓa malamai sun saɓa a kanta, kuma ba zan yi maka kamar ba su saɓa ba.

Abin da nake so ka lura da shi wani ne daban. Mu ɗauka kawunka ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari, kuɗin fito zalunci ne. Yanzu mu bi kayan da ƙafa mu ga yadda suke isowa Kejetiya. An saya a kasuwar Asigame ta Lome. An kwance dila an rarraba ƙulli-ƙulli, 'yan okada da mata 'yan dako sun tsallako da su cikin duhu, an tara a wani ɗaki a bayan gari. An loda a ƙarƙashin wani kaya. In akwai takarda, ta ce turmi 50 alhali 200 ne. Mota ta kama hanya. A shinge na farko jami'i ya haska tocila ya ce me ke ciki, ɗan rakiya ya ce kayan gwanjo ne, jami'i ya yi shiru yana kallonsa, sai ɗan rakiya ya ce wallahi, ya matsa kusa, hannu ya shige hannu. Haka a na biyu, haka a na uku, har Kumasi. Wannan shi ne aikin da ake kiranka ka yi. Ba a ce ka zauna a gida ka ƙi biyan haraji ba. An ce ka je ka yi ƙarya, ka rantse a kanta, ka ba da cin hanci, kuma ba sau ɗaya ba.

Malaman da suka haramta maksu ba su halatta ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Annabi (SAW) ya tsine wa mai ba da rashawa da mai karɓa. Aya ta 188 a Suratul Baƙara ta hana mu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna da miƙa ta ga mahukunta don a ci wani yanki na dukiyar mutane da zunubi. Rantsuwa kuma, hadisi ya ce tana sayar da haja, tana shafe albarka. Na san akwai malaman da suka yi rangwame ga wanda aka danne wa haƙƙi ya ba da wani abu don ya kuɓuta, kamar mai tumatir da takardunsa suka cika, jami'i ya tsare shi a rana kayansa na ruɓewa. Laifin na mai karɓa ne. Wannan rangwame ba na wanda ya fito daga gida da kuɗin shinge a ƙirge a aljihun hagu ba ne.

Ga kuma tambayar da nake so ka kwana da ita. Wane ne mai maksun da hadisi ya yi tir da shi? Shi ne mai tare fatake a hanya ya karɓi dukiyarsu ba da haƙƙi ba. To, tsakanin kuɗin da aka biya a banki aka ba ka rasit, da kuɗin da aka cusa a hannun jami'i da tsakar dare ya sa a aljihunsa, wanne ya fi kama da wannan? Ɗan sumoga yana cewa ya guje wa azzalumi, alhali shi ke ciyar da shi. Shi ya koya masa cewa kowace mota nono ce. Gobe in Hajiyar da ta biya kuɗinta cif ta iso shingen, ita ma sai an tatse ta, don an riga an saba. Kawunka bai hana mai kaki cin kuɗinsa ba, baitulmali kawai ya hana.

Sannan maganar cewa ba a cuci kowa ba. A layinku na Kejetiya akwai mai shagon da ta bi ƙofa ta biya. Turmin da kuke saki a farashi kaza, ita in ta saki a haka ta ci uwar kuɗi. Ko ta zauna tana korar ƙuda, ko ita ma ta bi daji. A shekarun 1970 masaƙun ƙasar nan suna ɗauke da ma'aikata kusan 25,000, yau 'yan dubbai kaɗan suka rage a irin su Akosombo da GTP da Printex. Ba sumoga kaɗai ta durƙusar da su ba, akwai tsadar wuta da tsofaffin injuna da buɗe kasuwa da aka yi, amma tana cikin manyan dalilai, musamman atamfar da ake kwaikwayon zanen masaƙunmu a buga a Caina a shigo da ita ta Togo. A 2010 gwamnati ta kafa kwamitin kama irinta a ƙona. In irin wannan na cikin kayanku, har da tambarin kamfanin da bai saƙa ta ba, kuma mace ta zo haɗa lefen 'yarta ta ce asali ce, ka ce mata asali ce, wannan ba ruwan gwamnati a ciki. Algus ne, kuma ka san abin da Annabi (SAW) ya faɗa wa mai tsibin abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa: wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Za ka ce, to yaya mutum mai tsoron Allah kamar Kawu bai ga duk wannan ba? Kada ka yi saurin cewa munafunci ne. Ba shi ba ne. Tarbiyyarmu ce ta zo da ƙarfi a wani gefe, ta yi rauni a wani. Zangon Kumasi fatake suka kafa shi. Kakanninmu sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato neman goro a Gwanja. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, bayan 1900 kuma Hausawa suka cika nan. Abin da suka bar mana shi ne kunyar roƙo, girmama mai neman na kansa, da amana tsakanin mutum da mutum. Har gobe a unguwar Alabar, nan Kumasi, ana ba da kayan dubban sidi a kan kalmar baki, ba takarda ba shaida, kuma a dawo da kuɗin. Na tabbata kawunka da ya ci fesuwa ɗaya ta maraya gara ya kwana da yunwa. Amma mu haƙƙi sai mai fuska muke gani. Wanda za mu haɗu da shi a masallaci, wanda zai iya yi mana Allah ya isa. Gwamnati ba ta da fuska, saboda haka kuɗinta a wurinmu kamar ba na kowa ba ne.

Akwai kuma tsohon miki. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa. Zango ya girgiza, mutane sun sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, har waɗanda aka haifa a nan aka loda a mota. Wanda ya ga wannan da idonsa, ko ya ji daga bakin ubansa, da wuya ya ɗauki gwamnati a matsayin tasa. Ina fahimtar haka. Amma yau ba 1969 ba ce. Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na ƙasar nan a ƙidayar 2021. Alhaji Aliu Mahama da Dakta Bawumia sun yi mataimakin shugaban ƙasa, an kafa asusun raya Zango a 2017, kuma a 2025 ɗan majalisarku na Asawase, Muntaka Mubarak, aka ba ministan cikin gida. Muna riƙe da Ghana Card, muna jefa ƙuri'a, muna ɗaga murya a yi mana kwata da makaranta. Ba zai yiwu mu zama 'yan ƙasa ranar neman haƙƙi, mu koma baƙi in mun iso Aflao ba.

Batun Turawa suka zana boda, gaskiya ne sun zana, har sun raba Aflao da Lome da suke kusan gari guda. Sai dai fataken da muke alfahari da su ba kyauta suke wucewa ba. Daga fiton Kwara zuwa Nikki, Jugu, Sansanne Mango, Yendi, ko'ina akwai mai ƙasa, kuma aikin madugu ne ya shiga fada da rana tsaka ya yi ciniki a kan abin da ayari zai biya. In sarki ya cika haɗama, baɗi a sauya hanya a bar masa garinsa. Amma ƙasar da suka shiga sun biya, don da wannan suke sayen aminci.

Wani abin da ke rufe mana ido shi ne yadda muke auna dukiya. Muna duban inda ta tafi: ya je Makka, ya kai iyayensa, ya sa tayil a masallaci, ya ciyar da azumi, sai mu ce Allah ya yi masa arziki mai albarka, ba mai tambayar ta ina. Hadisin Tirmizi kuwa ya ce ranar ƙiyama tambayar dukiya biyu ce, ta ina ka same ta, a ina ka kashe ta. Mun ƙware a amsa ta biyu. Har masu wa'azinmu, Allah ya shirye mu da su, sun fi sakin murya a kan riba da caca da giya, don masu wannan ba su cika zama a sahun gaba ba.

Maganar abinci kuwa, kwantar da hankalinka. Jarin kawunka halal ne, atamfa halal ce, saye da sayarwa halal ne, ɓarna ta shigo ne a hanya. Irin wannan dukiya malamai suna kiranta gaurayayya, kuma ba su hana cin abincin mai ita ba, balle yaron da ake riƙo wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Annabi (SAW) ya yi mu'amala da Yahudawan Madina, har ya rasu sulkensa na jingine wurin ɗayansu. Kada shaiɗan ya sa ka fara janye hannu daga kwanon gidan, ka jawo fitinar da ta fi wadda kake gudu.

Kafin ka buɗe baki da Kawu, yi abu biyu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Nemi mutumin da ya ajiye aikin, ka kai masa gaisuwa, ka tambaye shi me ya sa ya bari. Mutum ba ya barin aiki mai kawo kuɗi haka kawai. Na biyu, ɗauki biro. Rubuta abin da hanyar daji ke ci tun daga Lome: dako, okada, hayar ɗakin ajiya, kuɗin kowane shinge, ladan ɗan rakiya, sannan ka haɗa da kayan da aka taɓa kamawa ko suka salwanta cikin shekara biyu, ka raba a kan kowace tafiya. 'Yan kasuwarmu ba sa lissafa wannan na ƙarshe, sai su ce ƙaddara ce. Dokar kwastan ta 2015 ta ba da ikon ƙwace kaya da motar da ta ɗauko su, da tarar da takan kai ninki uku na kuɗin da aka guje wa, ban da gurfana a kotu. Daga nan ka je wurin ejan mai lasisi, ko ofishin hukumar haraji ta ƙasa, GRA, nan Kumasi, ka tambayi ainihin abin da irin kayanku zai biya da ƙofar da aka yarda a shigo da shi, don ƙa'idar yadi takan sauya. Tun 2020 ta ICUMS, tsarin kwamfuta na kwastan, ake yin komai, lissafin a rubuce yake fitowa. Harajin bai ɗaya na ECOWAS hawa biyar ne, 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin 100, kuma kayan da aka saƙa a cikin ƙasashen ƙungiyar, in kamfanin ya yi rajista yana da takardar shaidar asali, ba ya biyan kuɗin fito, sai sauran haraji. Wanda aka ƙera a Caina aka sauke a Lome ba ya cikin wannan. Tambayi kuma ko akwai 'yan layinku da ke haɗa kaya su fitar tare a raba kuɗin ejan da na mota.

Ba zan ruɗe ka ba, mai yiwuwa bayan duk lissafin hanyar daji ta fi riba. Da ba ta fi ba da ba a bin ta. Kukan 'yan kasuwa a kan haraji kuma kuka ne na gaskiya. A 2022 sidi ya zube, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, kuma tunda da dala ake ƙiyasta kuɗin fito, mutane da yawa jarinsu ya narke suna kallo. A watan Oktoban shekarar 'yan kasuwar Adum ta nan Kumasi da na Akra suka rufe shaguna don nuna fushi. Wannan faɗa ne da haraji a fili, da sunanka da fuskarka, kuma ba wanda zai ce ka yi ƙarya ko ka ba da hanci. In lissafi ya nuna ribar ƙofa kaɗan ce, aƙalla ka san nawa ne kuɗin da ake cewa ka sayar da rantsuwarka a kansa.

Yadda za ka tunkare shi kuwa, fara da mahaifiyarka. Ita tsoronta kada a ce ɗanta ya yi butulci. Zaunar da ita ka gaya mata abin da ɗan rakiya ke yi a hanya da abin da ke samunsa in an kama, ba tare da ka zagi yayanta ba. Uwa in ta gane ɗanta ne zai kwana a sel, ita da kanta za ta san yadda za ta yi da ɗan'uwanta. Sannan ka sami Kawu shi kaɗai, a gida, bayan isha'i. Ba a shago ba, ba a gaban matansa ko yaransa ba. Kada ka je masa da aya da hadisi a baki kamar ka zo ɗora masa karatu. Dattijo ba ya karɓar wannan daga yaron da ya yi wa kaciya. Ka durƙusa ka ce, Kawu, kai ne ubana, ba ni da wani. Duk aikin da ka sa ni zan yi, ko dako ne. Wannan guda ɗaya ne zuciyata ta kasa ɗauka, ina roƙon ka yafe mini shi. Ka tsaya a nan. In ya kawo hujja kada ka yi musu, ka ce Kawu ya fi ni sani, ni dai tsoro nake ji. In akwai limami ko aminin da yake jin nauyinsa, shi ya dace ya yi masa maganar halal da haram, ba kai ba.

Kada kuma ka je hannu rabbana. Wanda ya ƙi aiki ɗaya sai ya kawo biyu. Ce masa za ka riƙe littafin shago, za ka buɗe ciniki ta WhatsApp da TikTok a biya ta momo, wato tura kuɗi ta waya, za ka riƙa kai kaya kasuwar Techiman da Ejura ranar cinsu, za ka bi sawun yadda ake zama dilan masaƙun gida. Nuna masa lissafin da ka yi, ka roƙe shi a gwada lodi ɗaya ta ƙofa a gani. Zaman shagon kuwa ka ci gaba da shi a yanzu, da sharaɗin bakinka ba zai kira kwaikwayo asali ba. In mai saye ta tambaya, gaya mata gaskiya ka faɗi farashinsa. Da yawansu sun sani, araha suke nema, kuma za su dawo wurin wanda bai ruɗe su ba.

Zai iya yin fushi. Zai iya ɗauke maka kai wata guda, ya fasa abin da ya yi niyyar yi maka na aure. In haka ta faru, gaisuwar safe kada ta yanke, aiken gida kada ka ƙi, kuma kada ka kai ƙararsa bakin kowa a unguwa, balle wurin hukuma. Allah ya ce ko iyaye ne suka matsa maka a kan shirka kada ka bi su, amma ka zauna da su da kyautatawa. To ina ga abin da bai kai wannan ba.

Lefe kuma ba wahayi ba ne. Ka tura manya wurin iyayen yarinyar su faɗi abin da za ka iya, akwati biyu maimakon biyar, ko a ɗaga rana zuwa bayan babbar salla. Ka shiga susu, wato adashi, tun wannan watan da ɗan abin da kake samu. Ita ma yarinyar ka gaya mata dalilin jinkirin da bakinka, kafin ta ji a wurin ƙawaye an sauya masa kama. Allah ya sa albarka a nemanka, ya huci zuciyar kawunka.